KARATU YA TAFI KO YAWO?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da komowa a zaurukan garuruwanmu da ofisoshinmu. Za a ce ga wani yaro an zaɓe shi zai tafi ƙasar waje, ya yi wata shida ko shekara guda a wata jami'a, sa'an nan ya komo ya ƙarasa karatunsa a gida. Tun bai cika wata biyu ba sai hotunansa su fara isowa. Yau ga shi gaban wata hasumiya, gobe ga shi bisa wata gada, jibi ya naɗe cikin kwat yana dariya a tsakiyar ƙanƙara. Sai dattijo ya karɓi hoton, ya dube shi da kyau, ya kaɗa kai ya ce, "To, wannan karatu ya tafi ko yawo?"

Ba mu ga laifin dattijon ba. In ba gumin mahaifin yaron aka kashe ba, to kuɗin jama'a ne, kuma wanda ya biya yana da ikon tambaya. Amma ra'ayinmu shi ne an ɗora tambayar a kan wanda bai kamata ba. Yawon da ɗalibi zai yi a ƙasar da ya je wani yanki ne na karatunsa, muddin an shirya shi, an kuma yi masa iyaka. Abin da ke mai da shi yawon banza sau da yawa daga nan gida ya ke farawa, a ofishin da ya sallami yaron ba tare da an rubuta abin da zai je nema ba, ya kuma karɓe shi ba tare da an tambaye shi abin da ya kawo ba. Sabo da haka maganarmu ta yau da malaman makaranta mu ke yi, da magatakarda da akawunan da takardun waɗannan yara ke bi ta hannunsu.

Bari mu fara da rarrabe abu biyu, gama mutane kan haɗa su. Akwai wanda a kan ba kuɗi ya tafi wata ƙasa ya yi karatunsa tun daga fari har ƙarshe, ya karɓi takardar shaidarsa a can. Akwai kuma ɗan musaya. Shi sunansa yana nan a littafin makarantarsa ta gida, aronsa kawai aka ba wata makaranta na ɗan lokaci, ita ma ta aiko da nata. In ya dawo, abin da ya karanta a can za a ƙidaya masa kamar a nan ya karanta shi. A nan gizo ke saƙar. In an ƙidaya masa, ya yi karatu. In ba a ƙidaya ba, ko da ya kwana bisa littafi har idonsa ya yi ja, a wurin ofis yawo ya yi.

Ga wani labari da ya kamata kowane akawu ya sani. Wata yarinya ce 'yar Italiya, sunanta Sofia Corradi, tana karatun shari'a a Jami'ar Roma. Cikin 1957 ta sami taimakon karatu na Fulbright, wanda Amurka ta kafa a 1946, ta tafi Jami'ar Columbia a birnin Niyok. Ta yi shekara guda, ta ci jarrabawarta, ta komo gida a 1958 da babbar takardar shaida a hannu. 'Yan jarrabawa kaɗan suka rage mata a Roma, sai ta je ofishin jami'a ta roƙi a karɓi abin da ta yi a Amurka a madadinsu. Bisa ga labarin da ita kanta ta sha bayarwa, ma'aikacin da ta tarar bai ko tsaya duba takardar da kyau ba, ya kunyata ta a gaban sauran ɗalibai, ya nuna mata cewa shaƙatawa ta je yi. Tilas ta koma ta zauna jarrabawar nan duka.

Da wata ce, da ta yi kuka ta share hawaye ta manta. Ita ba ta manta ba. Daga baya ta sami aiki da majalisar shugabannin jami'o'in Italiya, tun daga 1969 kuwa ta shiga rubuta takardu tana aika wa manya, tana cewa a yi doka yadda ɗalibi zai yi wani yanki na karatunsa a wata ƙasa, makarantarsa kuma ta karɓa. Shekara goma sha takwas aka yi ana jan maganar. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba, akwai ma'aikata da 'yan siyasa da yawa da suka sa hannu, amma ranar 15 ga Yuni 1987 ƙasashen Turai ta Yamma, waɗanda daga baya suka zama Tarayyar Turai, suka amince da shirin da a ke kira Erasmus. A shekarar farko ɗalibai 3,244 suka tafi, daga ƙasashe 11. Zuwa yau waɗanda suka bi ta wannan hanya, ɗalibai da malamai da masu koyon sana'a, sun haura miliyan 15. Matar ta rasu a watan Oktoba 2025 tana da shekara 91, mutanen ƙasarta suna kiranta uwar Erasmus. Akawun nan kuwa, ba wanda ya riƙe sunansa.

Sunan shirin an ɗauko shi daga wani malami ɗan Holan, haifaffen Rotterdam, wanda ya rasu a Basel cikin 1536. Ya yi karatu a Faris, ya karɓi shaidar malanta a Turin, ya karantar a Cambridge. Watau dai mutum ne da bai zauna wuri ɗaya ba. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya je wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Malam Muhammadu na Katsina, masanin lissafi, a Alkahira ya rasu cikin 1741. Almajirin da ya sauke littafi a gaban wani malami a wata ƙasa, malamin kan ba shi ijaza, in ya komo gida kuwa ba wanda zai ce masa ya sake daga baƙi. Ashe kakanninmu sun warware wannan matsala tun kafin Turawa su zauna taro a kanta. Abin kunya ne a ce ofisoshin jikokinsu ne suka kasa.

To, yaya Turawan suka tsara abin? Da sauƙi ƙwarai, har ma mutum ya yi mamaki. Tun 1989 suka fara gwada wani ma'auni ɗaya na karatu: shekara guda maki 60 ce, rabin shekara maki 30. Kowane darasi an san nauyinsa a wannan ma'auni, ko a Sifen a ke karantar da shi ko a Jamus. Kafin ɗalibi ya sa ƙafa a jirgi sai an rubuta takardar alkawari. A ciki an jera darussan da zai ɗauka a can, an kuma jera waɗanda za su maye a gida. Mutum uku ke sa hannu: shi ɗalibin, da makarantar da ta aike shi, da wadda za ta karɓe shi. Makarantar da ya je ba ta karɓar kuɗin karatu a hannunsa. Zamansa kan kama daga wata biyu zuwa wata goma sha biyu. In ya gama, su aiko da sakamako, makarantarsa ta shigar a littafi, magana ta ƙare.

Ƙofar nan ba a rufe ta ke gare mu ba. Tun daga 2015 aka buɗe musayar ga jami'o'in wasu nahiyoyi, har da na Afirka, in sun ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar Turai. A dokokin shirin na 2022 an yanka wa ɗalibin da ya zo daga irin ƙasashenmu tsakanin Yuro 800 zuwa 900 a wata, gwargwadon tsadar ƙasar da ya sauka, ban da kuɗin jirgi. Ta wajen Amurka ma, shirin Fulbright ya sha ɗaukar samarin malamai daga nan su je su yi shekarar karatu guda suna koyar da Hausa a jami'o'insu, su ma suna ɗaukar darasi.

Mai karatu zai buga lissafi ya ce, Yuro 800 a wata, ai yaron nan ya zama attajiri! Sannu dai. Kuɗin ƙasa a ƙasarsa a ke auna shi. Hayar ɗaki ɗaya a manyan biranensu ta kan cinye rabin wannan kuɗi ko fiye, in ma an sami ɗakin. Cikin 2022 Jami'ar Amsterdam da bakinta ta gaya wa ɗaliban waje cewa wanda bai sami masauki ba kada ya taso. Abin da ya rage daga haya shi ne na ci, da na mota, da na tufafin sanyi, da na magani. Yaron da bai taɓa ɗora tukunya ba sabo da akwai uwa da ƙanne a gida, can zai koyi tuƙa tuwo da garin semolina, ya kuma koyi karanta bayan gwangwani don ya san abin da aka zuba a ciki. Wanki nasa, shara tasa, ba yaron aike.

Sa'an nan ga yanayi. A watan Disamba, a birni kamar Berlin, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk sai su taru cikin 'yan sa'o'i kaɗan, a daidai lokacin da malami ke tsaye gaban allo. A shekarun 2014 zuwa 2017, da azumi ya faɗo tsakiyar lokacin zafinsu, waɗanda ke arewacin Turai sun riƙa kai sa'a goma sha takwas ko fiye ba su sha ruwa ba. Amma in ka tambayi waɗanda suka je suka dawo, yawancinsu ba sanyi ko yunwa za su fara ambata ba. Shiru za su ambata. Mutum ya tashi a gidan da ba a rufe zaure, sai ga shi a bene mai ɗaki hamsin, ya yi mako guda maƙwabcinsa bai ce masa ina kwana ba.

A nan ne yara kan rabu kashi biyu, dukansu kuwa sun yi hasara.

Na fari shi ne wanda tsoro ya kama. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki. In ya fita, wurin 'yan ƙasarsa biyu ko uku zai je, su dafa shinkafa, su yi hirar gida. Waya na manne a kunnensa dare da rana, ya san farashin masara a kasuwar garinsu, amma bai san sunan kogin da ya ratsa birnin da ya ke zaune ba. Wannan zai dawo da maki 30 cif, iyayensa su yaba da natsuwarsa. Mu dai muna ganin an yi ɓarnar kuɗin jirgi, gama littafin da ya karanta a can akwai shi a nan.

Na biyu shi ne wanda ya ga hanya a buɗe ya ruɗe. Hanyar kuwa a buɗe ta ke da gaske. Bisa yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995, ƙasashe 29 sun kawar da shingen kan iyaka a tsakaninsu. Ɗalibin da ya ke da takardar zama ta ɗaya daga cikinsu yana iya shiga sauran ya yi har kwana 90 cikin kowane kwana 180, ba sai ya nemi wata biza ba. Ga jiragen sama masu araha, ga manyan motoci masu tafiyar dare, ga tikitin jirgin ƙasa na Interrail da aka fara tun 1972. Sai ka ga yaro ya tashi ran Alhamis da dare, ya komo ran Litinin da asuba, ya shiga aji yana gyangyaɗi. A wata biyar ya taka ƙasa goma sha biyu. Tambaye shi me ya gani a Roma, ya ce ya ga wani tsohon gini ya ɗauki hoto. Tambaye shi me mutanen wurin ke nomawa, ko wa ke kwashe musu shara, ya yi zuru. Su kansu Turawan sun san da wannan, har shirin ya yi suna a bakin wasunsu cewa shekarar biki ce. Ba a kan yaranmu aka fara ba.

Abin da mu ke so shi ne na uku, kuma mun taɓa ganin irinsa. Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Da ya komo bai ajiye abin da ya gani a cikinsa ba, ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944, har wanda bai taɓa ganin teku ba ya amfana. Cikin 1945 aka aika malamai huɗu daga Arewa zuwa sashen koyar da malanta na Jami'ar London: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Bello Kano, da Malam Yahaya Gusau, da Malam Abdurrahman Mora. Malam Aminu Kano ya bi bayansu a 1946. Kwas ɗin bai daɗe ba, kusan tsawon musayar yau ne. Amma mutanen nan ba aji kaɗai suka zauna ba. Sun shiga makarantun yara sun ga yadda a ke karantarwa, sun saurari muhawarar 'yan siyasa, sun ga Bature yana dako yana share titi, abin da a gida ba su taɓa gani ba. Malam Aminu ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Malam Abubakar kuwa, cikin 1950, ya tashi a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Allah ya ji ƙansu. Ba mu ce London ce ta ba su hankali ba, da abinsu suka tafi. Amma sun tafi da tambaya a ransu, sabo da haka duk inda suka waiwaya sai su ga amsa.

Bambancin ke nan. Ɗalibin aikin gona da aka aika Holan, in ya kashe Asabar ɗinsa a gonar wani manomi yana kallon yadda a ke tatsar shanu da yadda a ke janye ruwa daga fadama, wa zai ce yawo ya yi? Mai koyon aikin malanta ya roƙi izini ya zauna bayan aji a wata makarantar ƙauye. Mai karatun mulki ya je zauren majalisar gari ran da a ke zama, ya ga yadda talaka ke tashi ya tambayi inda aka kai harajinsa. In ya so ya ga hasumiyar Faris ma ya je ya gani, ba haramun ba ne, yaro ne, kuma wata ƙila ba zai sake samun zarafi ba. Amma gari uku da aka zauna aka duba sun fi ƙasa goma sha biyu da aka ratsa cikin barci.

Akwai kuma wata fuska da ba mu so mu wuce ba mu taɓa ba, ko da ya ke ba ta da daɗin ji. Fasfon yaronmu ba ɗaya ya ke da na abokin ajinsa Bajamushe ba. Abokin zai ce a tashi a je London ko Dublin, shi ba ruwansa da biza ta Ailan, amma Ingila da Ailan ba sa cikin Schengen, namu sai ya nemi izini dabam. In bai sani ba, a filin jirgi za a tsai da shi. Wanda kuma ya bari kwanakin bizarsa suka ƙare ya maƙale, yana ganin dabara ya yi, to ya sani ba kansa kaɗai ya cuta ba. Jami'ar da ta karɓe shi za ta yi nauyin hannu a kan na bayansa, ofishin jakadanci kuma ya ƙara tsanani. Ƙofa ce aka buɗe da ƙyar, mutum ɗaya ya isa ya rufe ta.

Duniya kuma ba ta ba da sanarwa. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 yaƙi ya tashi a Yukiren, dubban ɗaliban Afirka suka kama hanyar iyakar Polan da Romaniya da Hangari, wasu da ƙafa, cikin sanyi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tashi a Hartum, inda yaran Arewa ke da yawa, aka kwashe su cikin motoci ta hamada zuwa iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Yawancin waɗannan ba 'yan musaya ba ne, masu cikakken karatu ne, amma darasin ɗaya ne. A irin wannan rana abin da a ke fara nema shi ne jerin sunaye: wa ke can, a wane gari, wace lamba za a kira. Ofishin da ya aika yaro ya kamata a tashe shi tsakar dare ya fito da wannan takarda. Ɗalibi kuma in zai bar garinsa ko na kwana biyu ne, ya sanar da wani, fasfonsa kuwa ya zama a jikinsa.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo, kuma ba ya bukatar sabon kasafin kuɗi. Kada shugaban sashe ya sa hannu a takardar tafiyar ɗalibi sai an rubuta darussan da zai ɗauka da waɗanda za su maye a nan, an buga hatimi, ɗalibi ya riƙe kwafi ɗaya, ofis ya riƙe ɗaya. Mun sha jin yaro ya dawo ya tarar malamin da ya yi masa alkawari da baki an yi masa canji, wanda ya gaje shi kuwa ya ce bai san zancen ba, sai a maimaita shekara. Wannan zalunci ne, ko da ba da nufi aka yi ba, kuma shi ne ainihin abin da aka yi wa yarinyar Roma a 1958. In Gwamnati ko wata hukuma ta ɗauki nauyin guzuri, ta biya kafin a tashi. Mai gidan haya a Turai bai san "ana nan ana shirin biya" ba.

Malamai kuma, kafin yaro ya tafi, ku zauna da shi ko na sa'a guda. Ku buɗe taswira. Ku ce masa ga wuri biyu ko uku da suka shafi fanninka, je ka gano mana. In akwai wanda ya taɓa zuwa ƙasar, a haɗa su. 'Yan mata ma kada a hana su don tsoro. A bincika masaukinsu, a san wanda zai tarye su, a bar su su tafi, gama makarantun 'yan mata na nan suna jiran malamai waɗanda suka ga yadda wasu ke yi.

In ya dawo, kada a tsaya ga tsarabar agogo da turare. A ba shi mako biyu ya huta, sa'an nan a tara 'yan ajinsa da na bayansa, ya tsaya ya ba da labari da Hausa, a yi masa tambayoyi. Ya rubuta shafi huɗu ko biyar: nawa ya biya haya, a ina ya sayi abinci, wane darasi ya yi masa wuya, wane gari ya je kuma me ya gani, wane kuskure ya yi. Magatakarda ya sa wannan a fayil guda, ya rubuta sunan ƙasar a bayansa. Ran da aka zaɓi wani zai tafi, kafin a ba shi takardar neman biza, a fara miƙa masa fayil ɗin ya karanta.